Wanda Ba Ya Iya Kai Ƙara Da Kansa

A kusan kowane gari akwai yaron da jikinsa ya girma amma hankalinsa bai bi girman jikin ba. Ya kai shekara 15, maganarsa kuwa ta ɗan shekara 4 ce. Wani bai taɓa tashi tsaye ba, wuyansa ba ya tsayawa, miyau na zuba. Wata tana daka, tana ɗebo ruwa, tana share gida sarai, amma ba ta san ƙidayar kuɗi ba, kuma duk wanda ya yi mata fara'a sai ta bi shi. Mutane sun sa musu sunaye iri iri: wawa, dolo, gaula, ɗan ruwa. A cikin wannan darasi ba za mu kira su da waɗannan sunaye ba. Za mu ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa.

Wannan ba taɓin hankali ba ne. Taɓin hankali yakan sami mutum bayan ya girma da hankalinsa, kuma sau da yawa magani yana maido da shi. Naƙasar da muke magana a kanta tana farawa ne tun cikin ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin shekarun ƙuruciya, ta kuma zauna da mutum har tsufansa. Doguwar naƙuda tana kawo ta, in jariri ya daɗe bai yi numfashi ba. Shawara mai tsanani a kwanakin farko tana kawo ta. Haka sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau ƙwaƙwalwa, da tamowa, da rashin sinadarin nan da ake sa wa gishiri, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo. Gubar dalma ma tana yi: a jihar Zamfara ta Najeriya, a shekarar 2010, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, ta bar waɗansu da ƙwaƙwalwa mai rauni. Wani kuma haka aka halicce shi, kamar mai ciwon Dawun. Ba laifin uwa ba ne, ba aljanu suka musanya mata ɗa ba, ba a kuma ɗaukarsa wajen cin tuwo kwano ɗaya.

Irin wannan mutum yana bukatar mai riƙo. Wani ne zai ba shi abinci, ya yi masa wanka, ya ajiye masa kuɗinsa, ya yi magana a madadinsa. Yawancin masu riƙo, musamman uwaye da kakanni mata, suna wannan aiki shekara da shekaru ba wanda ya ce musu sannu. Mun san su, muna ganinsu bakin likita goye da yaron da ƙafafunsa ke jan ƙasa. Wannan darasi ba zargi ne a kansu ba. Amma dole a faɗi gaskiya: in an cuci mai naƙasar ƙwaƙwalwa, da wuya a ce baƙo ne ya yi. Galibi wanda yake da hannu a kansa ne, ko wanda aka sakar wa ƙofa: kawu, mijin uwa, matar uba, yaya, maƙwabcin da ake bar masa yaro in za a tafi gona, malami ko mai addu'ar da aka kai masa jinya.

Dalilin a fili yake. Mai cuta yana neman wanda ba zai iya faɗa ba, ko wanda in ya faɗa ba za a yarda da shi ba. A shekarar 2012 an tattara bincike daga ƙasashe da dama tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, aka ga cewa yara masu naƙasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi kusan sau 4. Waɗanda naƙasarsu ta ƙwaƙwalwa ce kuwa, haɗarin a yi musu fyaɗe ko lalata ya fi na sauran yara fiye da sau 4.

Me doka ta ce?

A ƙauye ana cewa, "Ɗansa ne, ina ruwanka?" Ko kuma, "Ita ke ci da shi, sai ta yi yadda ta ga dama." Doka ba ta yarda da wannan magana ba. A wurin doka, riƙo amana ce. Ciyar da mutum ba ya mai da shi dukiyarka.

Ranar 13 ga watan Disamba 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniya a kan haƙƙin naƙasassu. Nijar ta ɗaure kanta da ita a shekarar 2008, Najeriya a 2010, Gana a 2012. Aya ta 16 ta wannan yarjejeniya ta ɗora wa gwamnati nauyin kare naƙasassu daga duka, da zalunci, da ci da guminsu, kuma ta ambaci cikin gida da wajen gida duka biyu. Ku lura da wannan. Waɗanda suka tsara ta sun san inda ɓarnar take, shi ya sa ba su bar zauren gida ya zama iyakar doka ba. Ayar ta kuma ce duk wani wurin da ake ajiye naƙasassu ana kula da su, sai wata hukuma mai zaman kanta ta riƙa leƙa shi. Aya ta 14 ta hana a tsare mutum don kawai yana da naƙasa. Aya ta 12 ta tabbatar masa da ikon cin gado da mallakar dukiya. Aya ta 13 ta ce ƙofar shari'a a buɗe take gare shi, har ya ba da shaida, kuma a sauƙaƙa masa hanyar yin hakan.

A nan gida Nijar, tun shekarar 1993 akwai doka ta kare naƙasassu, aka kuma yi sabuwa a watan Disamba 2019. Amma dokar da ta fi cizo in an cuci mutum ita ce kundin hukunta laifuka, wanda ya hau kan kowa. Babu wata aya a cikinsa da ta ce duka ko fyaɗe ya halatta in wanda aka yi wa ba shi da cikakken hankali. Akasin haka ma: a laifin fyaɗe da na cutar da ƙaramin yaro, in mai laifin uba ne, ko mai riƙo, ko wani mai iko a kan wanda aka cuta, hukunci ƙaruwa yake yi. Abin da mutane ke ɗauka hujja ce ta sassauci, wato "ai nasa ne", shi ne alƙali ke ɗauka dalilin tsanantawa.

Duka, yunwa da yasarwa

Yaro mai naƙasar ƙwaƙwalwa yakan yi fitsari a wando yana da shekara 12. Yakan fasa tulu yau, gobe ya sake fasa wani. Ba taurin kai ba ne, kuma bulala ba ta koya masa abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe ba. Abin da bulala ke koya masa shi ne tsoro, tsoro kuma ya ƙara masa fitsarin. Dukan da ya bar rauni laifi ne. Ƙona hannu da garwashi ko cokali mai zafi laifi ne. Hana abinci da gangan, da ƙin kai shi likita har ciwo ya ci ƙarfinsa, su ma doka tana lissafa su cikin cutarwa, ko da ba a ɗaga masa hannu ba. Haka wanda ya kai yaro ko babban da ba ya iya kare kansa ya yar a tasha, ko kasuwa, ko daji, ya juya abinsa.

Akwai wata cuta da ba a cika lura da ita ba, ta magani. Da yawa cikin waɗannan yara suna da farfaɗiya. Wani mai riƙo ya karɓi kuɗin maganin daga hannun dangi ya cinye, faɗuwa ta dawo, wata rana yaro ya faɗa wuta ko rijiya. Wani kuma ya ninka masa ƙwaya, ko ya sayo ta barci a tebur, don yaro ya wuni kwance ya huta da shi. Ƙwayar farfaɗiya in ta yi yawa tana iya tsai da numfashi. Kada a ƙara, kada a rage, kada a tsai da ita rana ɗaya, sai da faɗar likita.

Turu da mari

Wannan sai mu tsaya a kansa, domin yawancin masu ɗauri ba mugaye ba ne. Uwa za ta tafi rijiya, yaro yana fita ya ɓata, ko ya bi hanyar mota. Sai ta sa masa igiya a ƙafa ta ɗaure da turke. Ranar farko awa ɗaya ce. Bayan wata guda ta zama wuni. Bayan shekara an sayo sasari, an kai shi ɗakin baya, baƙi ma ba su san da shi ba.

Ga abin da ɗauri ke yi wa jiki. Igiya tana cin fata har ta zama gyambo, gyambo ya ja ƙuda da ƙasa, wani lokaci ya kawo ciwon sandarewar jiki da haƙora. Gwiwa da ta daɗe a lanƙwashe takan ƙage, ba ta ƙara miƙewa. Naman ƙafa ya zube, wanda dā yake tafiya ya koma rarrafe. Ƴar maganar da ya iya ta ɓace don ba mai yi masa magana. In gobara ta tashi ba ya iya gudu. Kuma wanda ke ɗaure a ɗakin baya, duk mai mugun nufi ya san inda zai same shi, ya san ba ya iya tserewa.

Tsare mutum ba da umarnin hukuma ba laifi ne, ko a gida ne, ko a gidan malami, ko a gidan addu'a. Sunan wurin ba ya canza kome. A watan Satumba 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, maza da yara, waɗansu da mari a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. A wata na gaba aka buɗe wani a Daura, nan kusa da iyakarmu. Gana ta hana ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa tun 2017. Saboda haka in za ku kai naku wani wuri neman sauƙi, nan ko ƙetaren iyaka, ku shiga ku ga inda zai kwana. In an ce ba a ganinsa sai bayan wata uku, ku koma gida da abinku.

To me uwar nan za ta yi in ba ta ɗaure ba? A gyara darni a sa ƙyaure mai sakata daga sama, tsakar gida duka ta zama tasa. A rufe bakin rijiya. A raba kwanakin tsaro tsakanin matan gida da maƙwabta. A sanar da masu shago da ƴan tasha cewa in sun gan shi su riƙe hannunsa su maido shi. In fitar tasa sabuwa ce, ko ya fara duka da cizo alhali dā ba ya yi, a kawo shi a duba. Sau da yawa ciwon haƙori ne, ko na kunne, ko ciki ya ɗaure, shi kuwa ba shi da bakin faɗa.

Fyaɗe

Mu ɗauki misali. Budurwa ce mai shekara 19, hankalinta na ƴar shekara 7. Wani mutum ya saba ba ta alewa da dala ashirin. Bayan wata biyar aka ga ciki. Aka tambaye shi ya ce, "Ban tilasta ta ba, da ƙafarta ta zo." Mutanen gari da yawa za su ce ai gaskiyarsa.

Ba gaskiyarsa ba ce. Yarda sai da sani. Wadda ba ta gane abin da ake nema gare ta ba, ba ta san yana kawo ciki ko cuta ba, ba ta san tana da ikon ta ce a'a ba, ba ta yarda da kome ba. Doka ba ƙarfin tsiya kaɗai take kira fyaɗe ba. Ta haɗa da tilastawa, da tsoratarwa, da shammatar mutum. Hukuncinsa shekaru ne masu yawa a gidan kaso. Ku sani kuma ana yi wa yara maza, kuma su sun fi shiru.

Abu biyu ne dangi suka saba yi don rufa asiri, duka biyu kuma ƙarin cuta ne. Na farko a ɗaura mata aure da wanda ya yi, ko da wani tsoho da zai karɓa. Wannan miƙa ta ne ga mai cutarta har abada. Na biyu a ba ta jiƙo ko ƙwayoyi don cikin ya zube, abin da ke kashe mata da zubar jini. Akwai kuma masu zuwa su roƙi likita ya juya mata mahaifa tun kome bai faru ba. Aya ta 23 ta yarjejeniyar nan ta hana a raba naƙasasshe da haihuwarsa don naƙasa. Ban da haka ma, juya mahaifa ciki kaɗai yake hanawa. Ba ya hana fyaɗe. Sai dai ya ɓoye shi, mai yi ya ci gaba hankali kwance.

Bara da gado

Wani ya karɓi riƙon yaro ba don tausayi ba, sai don ya zaunar da shi bakin kasuwa cikin rana, da yamma ya juye kwanon. Dokar Nijar tana hukunta wanda ke tura yaro bara ko yake cin abin da ya samo. Dokar yaƙi da fataucin mutane ta shekarar 2010 ta sa ci da barar wani cikin nau'in fatauci. A Najeriya ma dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a watan Janairu 2019 ta hana amfani da naƙasasshe wajen bara. In wani ya zo ya ce ku ba shi aron yaronku ya tafi da shi birni ko wata ƙasa, zai riƙa aiko muku da kuɗi, ku san abin da ake nema ku sa hannu a ciki.

Gado kuwa, rabonsa rabonsa ne. Naƙasa ba ta rage masa ko taki ɗaya na gona. Wanda aka ba ajiya shi ne zai noma ko ya ba da haya, a ci da mai gonar, a tufatar da shi, a saya masa magani. Ba shi da ikon sayarwa ya ƙara aure. Ku yi hattara da masu kama babban yatsan mutum su dangwala a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Hanya mafi tsaro ita ce a yi taron dangi, a rubuta abin da ya gada da sunan wanda zai riƙe, a kai takardar gaban alƙali ya tabbatar. Kuma ya fi kyau mai riƙon mutum da mai riƙon dukiya su zama mutum biyu dabam, kowa yana ganin hannun ɗan'uwansa.

Jiki yana magana

Wanda ba shi da baki, jikinsa ne shaidarsa. Yaron da ke faɗuwa da kansa yakan ji ciwo a goshi, da gwiwa, da ƙwauri, da gwiwar hannu. Rauni a baya, ko ciki, ko wuya, ko kunne, ko cikin cinya, wannan abin tambaya ne. Haka shatar bulala, da zoben igiya a wuyan hannu ko idon sawu, da ƙuna mai siffar wani abu, da raunuka sabo da tsoho a jiki ɗaya. Ku lura da wanda ke ramewa alhali sauran yaran gidan suna ƙiba. Ku lura da jini ko ruwa mai wari a wando, da wahalar zama ko tafiya, da al'adar da ta tsaya.

Hali ma yana canzawa. Mai fara'a ya koma shiru. Wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi. Ta ga wani mutum ta ruga bayan uwarta tana kyarma. Ya ƙi a tuɓe masa riga wajen wanka. Ta fara kwaikwayon abin manya da ba wanda ya koya mata a fili. Ta zo da kuɗi ko alewa ba a san inda ta samo ba. Alama ɗaya ba hujja ba ce, kada a tashi a far wa mutum a kanta. Amma ta isa ta sa a duba. Babban kuskure shi ne a ce, "Ai haka yake, ciwonsa ne."

In ya fara faɗa, ku zauna ku saurara, a inda wanda ake zargi ba ya nan. Kada ku yi ihu ko salati mai ƙarfi, zai ɗauka shi ya yi laifi ya rufe baki. Ku ce, "Faɗa mini abin da ya faru," ko "Nuna mini inda ke ciwo." Kada ku ce, "Wane ne ya yi maka, ko?" Mai naƙasar ƙwaƙwalwa yakan amsa da i don ya faranta wa mai tambaya, kuma in kun sa masa suna a baki kun ɓata shaidarsa gaban alƙali, wataƙila kuma kun ja wa marar laifi. Kada mutum goma su yi ta tambayarsa. A sami mai rubutu ya rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da ranar.

Likita tukuna

In fyaɗe ne, lokaci yana gudu. Maganin da ke hana kamuwa da ƙwayar cutar sida sai an fara shi cikin awa 72, wato kwana 3, a kuma sha shi kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki yana aiki har kwana 5, amma na ranar farko ya fi ƙarfi. Kada ku jira mai gida ya dawo daga tafiya, kada ku jira dangi su taru. In da hali kada a yi wanka, kada a wanke tufafin, a naɗe su cikin tsumma mai tsabta ko takarda a zo da su. In an riga an yi wankan, ko kwanakin sun wuce, duk da haka ku zo. Akwai ciwon sanyi da za a yi wa magani, akwai rauni da za a duba.

Likita zai rubuta abin da ya gani a takardar shaida. Wannan takarda ita ce ke magana gaban alƙali bayan rauni ya warke, don haka duka ma, da ƙuna, da gyambon igiya, a kawo su tun suna sabo. Jandarma ko ƴan sanda sukan ba da takardar neman binciken likita, amma rashin ta kada ya hana ku zuwa a fara magani.

Ina ake kai ƙara?

A ƙauye, wurin jandarma. A birni, wurin ƴan sanda, waɗanda suke da sashe na musamman mai kula da yara. Ana kuma iya zuwa kotu kai tsaye wurin mai shigar da ƙara na gwamnati. Ba dole sai uba ko dangi ba. Maƙwabci, malamin makaranta, ungozoma, liman, fasto, kowa yana iya sanar da hukuma. In wanda aka cuta bai kai shekara 18 ba, akwai alƙalin yara, wanda yake da ikon ɗauke yaro daga hannun da ke cutarsa ya danƙa wa wani dangi ko wani amintacce. Ma'aikatan jin daɗin jama'a da na kare yara suna taimakawa wajen wannan, haka ƙungiyoyin naƙasassu na yankinku.

Mai gari fa? A girmama shi, a sanar da shi, zai iya raka ku ma. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigimar gona, da bashi, da aure. Ba ta ba su ikon sasanta fyaɗe ko raunata mutum ba. Sulhun da ake yi a zaure, a ce a biya jika hamsin a rufe magana, ku duba wa ya amfana. Mai laifi ya tsira, dangi sun raba kuɗi, yarinya kuwa gobe za ta gamu da shi a hanyar rijiya. Shi kuma ya gane farashin abin, ya san akwai irinta a gari na gaba.

Ba za mu ce muku hanyar shari'a mai sauƙi ce ba. Kotu tana da nisa, akwai kuɗin mota, ana ɗage zama, dangi za su ce kun tona asirin gida. Wani jami'in ma zai ce, "Wannan ai ba ta da hankali, ya za a yi shari'a da maganarta?" Kada wannan ya mai da ku gida. Ku nuna takardar likita, ku nemi ganin na gaba da shi. Tun shekarar 2011 gwamnati ta kafa hukumar ba da taimakon shari'a, mai ofis a manyan kotuna, kuma yara da naƙasassun da ba sa iya kare kansu suna cikin waɗanda take tsaya wa kyauta. Ku tambaya a kotu a nuna muku ƙofarta. Ku tafi ku biyu ko uku, da wanda ya fi fahimtar maganar mai naƙasar, don ya fassara nuninsa.

Mai riƙon da ya gaji

Ba kowace cuta ce sai an kai gaban jandarma ba. Akwai bambanci tsakanin mutumin da ke lallaɓowa da dare da uwar da ta shekara 10 ba ta yi barci cikakke ba, yau hannunta ya kufce. Ta biyun taimako take bukata tun abin bai yi nisa ba. In kai ne ko ke ce mai riƙon, kuka ji zuciya ta hau, ku ajiye shi wuri marar haɗari, ku fita waje ku sha iska, ku kira wani. Ƙaramin yaro kuwa kada a girgiza shi ko kaɗan, girgiza tana fasa jijiyoyin jini cikin kai. Faɗa wa ma'aikacin lafiya "na gaji" ba abin kunya ba ne.

Jama'ar unguwa, da ta masallaci, da ta ikilisiya, ga aikin da ya fi wa'azi: mace ɗaya ta karɓi yaron ranar kasuwa, wani ya ɗauki kuɗin maganin farfaɗiya na wata, a riƙa shiga gaisuwa har ɗakin da yake, a kira shi da sunansa na yanka. Gidan da ake shiga ba a cika ɗaure mutum a cikinsa ba. A koya wa yaron kansa, da maimaici da haƙuri, sunayen gaɓoɓin jikinsa, da cewa wurin da wando ya rufe ba mai taɓawa sai mai yi masa wanka, da mutum biyu da zai gaya wa in wani ya taɓa. Da yawansu suna iya koyon wannan fiye da yadda ake zato.

Iyaye kuma, tun kuna da rai ku yi masa takardar haihuwa. Akan yi wa sauran ƴaƴa a tsallake shi, a ce ai ba makaranta zai shiga ba. Ranar da za a je kotu, ita ce za ta nuna shekarunsa, ita ce za ta nuna ɗan wane ne wajen rabon gado. In lokacin yin ta ya wuce, alƙali yana ba da wadda ke maye gurbinta, ku tambaya a ofishin magajin gari. Sannan ku tara dangi ku faɗi wanda kuke so ya riƙe shi bayanku, da wanda zai riƙa leƙawa, a rubuta, shaidu su sa hannu, a ajiye kofi ɗaya wurin mai gari.